Abin da Fenti Ya Rufe

Karatu: Karin Magana 11:1, Ayyukan Manzanni 5:1-11

Ɗan'uwa cikin Almasihu, a ce Golf ɗinka ce za ka sayar. Ka cire injinta na asali ka sa wanda ya fi shi ƙarfi, ka ƙara mata sifirin don kaya, ka yi sabon fenti, amma birki yana nan tsohonsa. Dillali ya ce ka yi shiru, ai mai saye ya duba da idonsa. Shin shiru ƙarya ne?

Ka tuna inda motar za ta. Ranar Juma'a, kasuwar Wudil ta ci, za ta cika da fasinja ta hau gada zuwa Kano. Direban ya amince da birkin da kai kaɗai ka san ba zai riƙe wannan injin ba. Idan ka ɓoye, ran mutane ka sa a ciniki.

Hananiya da Safiratu sun sayar da abin da yake nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Ɓoye gaskiyar kuɗin ne ya kashe su, domin Ruhu Mai Tsarki suka yi wa ƙarya.

Ka faɗi duk abin da bakanike ya canja. Farashi zai sauka, kuɗin gyaranka ba zai dawo duka ba. Ubangiji da ke ƙin ma'aunin zamba ba zai bar ka da yunwa ba.

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake bakina a wurin ciniki, cikin sunan Yesu. Amin.