Gaggawa Na Cinye Mana Rubutu

Jama'ar Dutse, wata cuta ta shigo mana ta cikin waya, kuma har yau ba mu ɗauke ta a matsayin cuta ba. Ita ce gaggawa a rubutu da karatu.

Ku leƙa zaurukan WhatsApp inda 'ya'yanmu da ƙannenmu ke karanta littattafan Hausa. Marubuciya ta ɗauki alkawarin sakin shafi kowane dare, masu karatu sun biya kuɗinsu, suna ta matsa mata lamba ta ci gaba. To yaushe za ta zauna ta yi tunani? Tana rubutu tana gyangyaɗi, ta tura ba tare da ta waiwayi abin da ta rubuta ba. Idan zaren labari ya kuɓuce mata a tsakiya, sai ta cike giɓin da zagi ko batsa, domin su ne ba sa buƙatar dogon nazari. Ƙa'idar rubutu kuwa an yi mata jana'iza: "zan" ya koma "xan", "ƙasa" ta koma "qasa", kalmomi uku a manne wuri guda. Yaron da ya tashi da wannan a idonsa, da shi zai shiga ɗakin jarrabawa.

Ba marubuta kaɗai nake zargi ba. Da yawansu suna da baiwa, kuma neman halal suke yi. Mu masu karatu ne muke korarsu da bulala. Mu ne kuma muke tura saƙo gaba tun ba mu kai ƙarshensa ba, ko da mutuncin wani ne a ciki.

Abin takaici, garin nan ya fi kowa sanin amfanin jira. Dutse garin dabino ne, har cibiyar bincike ta NIFOR tana da reshen binciken dabino a nan. Wanda ya dasa dabino ya san sai ya yi shekara huɗu ko fiye yana ban ruwa kafin ya ga nonon farko, kuma sai an hau an yi masa barbara da hannu. Ba wanda ya taɓa yi masa tsawa ya nuna. Da an tsinke shi ɗanye, wa zai taso daga Kano ya zo kasuwar Shuwarin saye? Littafi ma haka yake.

Ku dubi Ruwan Bagaja. Abubakar Imam ya rubuta shi ne don gasar rubutu ta 1933, ya bi ta hannun Rupert East a Zariya aka tace shi kafin a buga. Shekara casa'in ke nan ana karanta shi a makarantu. Cikin dubban labaran da ake saki a waya kullum, nawa ne za a tuna da su baɗi?

A tsangayoyinmu ma ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma alaramma kan shafe watanni yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara, sannan ya miƙa wa 'yan'uwansa alarammomi su duba masa harafi bayan harafi. Shi kansa Littafin cikin shekara 23 aka saukar da shi.

Saboda haka, 'yar'uwa marubuciya, ki ji tsoron Allah game da abin da kike ɗura wa 'ya'yan mutane. Ki kammala labarinki kafin ki fara saki, ki bar shi ya kwana, ki ba wanda ya san ƙa'ida ya gyara. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku daina wadatuwa da taƙaitawar da ake turo muku daren jarrabawa, ku shiga ɗakin karatu ku buɗe littafin daga bango zuwa bango. Iyaye kuma, yau ɗin nan ku karɓi wayar 'yarku, ku zauna tare ku karanta shafi guda na abin da take karantawa.