Gansakuka a Kan Dutse

Wanda ya hau Dutsen Madarkaci cikin birnin Zazzau, ko Dutsen Kufena, a watan Agusta, in ya duba tsagar da ruwa ke tsatsafowa, zai ga wani ɗan tsiro kore shar manne da dutse. Gansakuka ke nan. Ba ko'ina a kan same ta ba, sai gefen da inuwa ta kan daɗe. Ba ta da saiwa irin ta itace, ba ta fure, ba ta da wurin ajiyar ruwa. Da dukan jikinta take shan laima, kowace rana da rabonta.

Sa'anda hunturu ya shigo, sai ta bushe ta yi baƙi, har mai wucewa ya ce ta mutu. Amma ba ta sakin dutsen. Ran da ruwan farko ya sauka, kafin gari ya waye ta koma kore.

Ya ku 'yan'uwa, haka zamanmu yake. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa dutsen da Isra'ilawa suka sha daga gare shi cikin jeji, ya ce Almasihu ne. Ba mu da rumbun bangaskiya da za mu cika yau mu huta har baɗi. Wanda ya bar addu'a da karatun Littafi, bushewa zai yi.

Waɗansunmu suna zaune su kaɗai cikin gari, ba mai bi ko ɗaya kusa da su, zuciyarsu kuwa ta karai. Su tuna da wannan: gansakuka ta kan tare ƙurar da iska ke kawowa, a hankali ta zama ƙasa, har ciyawa ta sami wurin tsira. A 1905 Likita Mila ya zauna cikin birnin Zazzau, masu bi kuwa ba su da yawa. A 1929 aka koma Wusasa. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Ƙasar da suka tara ita muke tsira a kai yau.

Saboda haka kada mu rena ƙanƙantarmu, kada kuma rani ya sa mu ce Ubangiji ya manta da mu. Mu riƙe Dutsen kam, gama mai ba da damina yana da aminci. Allah ya taimake mu. Amin.