ƘIBAR AMARYA: KULAWA CE KO CUTARWA?

Ran nan a gidan suna na ji wata dattijuwa tana yi wa 'yar ƙaninta faɗa. Yarinyar watanta takwas da aure, amma tana nan shafal kamar yadda aka kai ta. "Ke so kike a ce mijinki ba ya ciyar da ke? Dubi tsararrakinki, wata uku kacal sun ajiye kumatu!" Yarinya ta sunkuyar da kai. Da aka watse sai ta raɓo ni, murya ƙasa-ƙasa, wai ko na san inda ake sayar da ƙwayar sha-ka-fashe.

'Yar'uwa, tun ranar nake juya maganar nan a raina. Yaushe jikin mace ya zama sikelin auna arzikin miji?

Iyayenmu suna da hujjarsu. Wadda ta ga yunwar 1973 da ta 1984 ba za ta ga rama ta yi murna ba. Amma uwar da ta ci tuwo malmala uku, ita ce ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga. Mu kuwa inji ke mana niƙa, mai ruwa ya kawo har ƙofa, unguwa sai a mota. Cin ya ƙaru, aikin ya ragu.

Shi kitse ba ajiya ba ne kurum, musamman na ciki wanda ke naɗe hanji da hanta. Idan ya yi yawa, sai sojojin garkuwar jiki su taru a cikinsa kamar an ji rauni, su riƙa fitar da sinadaran kumburi. Kumburi ne na ɓoye, ba zafi ba ƙaiƙayi. A 1993 masu bincike a Amurka suka nuna alaƙarsa da ciwon suga a jikin ɓeraye masu ƙiba, daga baya aka gan shi a mutane.

Kin san abincin da muka ci yana komawa suga a jini, kuma akwai sinadarin insulin da ke buɗe masa ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. To kumburin nan tsatsa yake sa wa kwaɗon. Jiki ya yi ta ƙaro insulin har ya gaji, suga ya taru a jini. Daga nan sai ƙishirwa, yawan fitsari, gyambon da ba ya warkewa, a hankali ya taɓa ido da ƙoda. Ƙwayoyin ƙiba kuwa, da yawansu akwai dexamethasone a ciki, wanda ke kumbura fuska, ya tara teɓa, ya tayar da suga da hawan jini. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke farat ɗaya, ta je asibiti a janye mata a hankali.

To tsakani da Allah, wadda ta tura 'yarta ga wannan don gudun bakin mutane, 'yar take so ko sunan gidan? Haka ke uwargida, in kina yi wa maigida ambaliyar mai a miya kina tura masa lemon kwalba don a ga tumbi a yaba miki, ki sani kwalba ɗaya tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 9. Kulawar da ake yi don idon maƙwabta, mai jikin ne ke biyan kuɗinta shi kaɗai a layin asibiti.

Ban ce kuma mu koma yi wa mai jiki gori ba. Wata gado ne, wata haihuwa ce ta bar mata, kuma akwai sirara masu ciwon suga. Gori bai taɓa rage wa kowa ko kilo ɗaya ba, sai dai ya hana ta fita.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Ari tef ɗin tela ki auna cikinki wajen cibiya. In ya kai inci 31 da rabi ga mace, ko 37 ga namiji, a je a gwada jini. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa, da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 30 kwana biyar a mako, kamuwa ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, kilo 5 ko 6 ke nan. A rage mai da suga a koko da zoɓo, a dawo da wake, acha, kwaɗon zogale da rama.

Ita dai yarinyar na ce mata ƙalau take, ta bar ƙwaya. Ta ce, "Anti, to me zan gaya wa Gwaggo?" Na ce ta bar ni da ita, zan je mu zauna. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.