Kalmar Gauraye da Hukuncin da Ke Cikinta

Hausa tana da kalmomi da yawa na haɗuwar abu biyu, kuma kowace da aikinta. Idan aka zuba gero da dawa a buhu ɗaya an gauraya su, amma mai haƙuri zai iya tsince kowace ƙwaya. Fura da nono damawa ake yi, kuma da zarar ludayi ya zagaya babu mai iya raba su. Gari da ruwa kwaɓawa ake yi. Ruwan zafi ana surka shi da na sanyi don jiki ya iya ɗauka. Abin da ya hargitse har aka rasa kansa, shi ne ya cakuɗe, wanda kuma aka shigar wa baƙon abu a ɓoye don a ci riba, an yi masa algus. Mutane kuwa cuɗanya suke yi. Mai awo a kasuwar Sabon Garin Zariya ba ya ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan ya sa a gurbin wata, domin kowace tana faɗin abin da ya auku: me aka haɗa, da wace niyya, kuma ko zai rabu.

Da magana ta koma cikin littafi, sai masu ilimi su ajiye waɗannan su ɗauko kalma guda mai nauyi daga wani harshe. Uku daga cikin irinsu sun ratsa ƙasar Zazzau.

Ta farko Balarabiya ce, takhliɗ. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi magana a kan masu furta shahada suna kuma riƙe da bautar gargajiya a amsoshin da ya bai wa Askiya Muhammadu na Songhai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗora a kan wannan, ya kasa mutanen ƙasar Hausa gida uku: Musulmi na sosai, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba, da mukhalliɗun, wato masu salla suna kuma yi wa duwatsu da itatuwa yanka. A Larabcin yau da kullum tushen kalmar bai wuce gaurayawa ba. A alƙalamin malaman jihadi ta zama tuhuma, kuma tuhumar ta yi aiki a ƙasa: a 1808 Malam Musa ya shiga Zariya da tutar jihadi, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu da jama'arsa.

Ta biyu ta zo ta bakin Turawa, sinkiritizim. Asalinta na Girka ne, inda marubuci Fulutak ya yi amfani da ita wajen bayyana yadda mutanen tsibirin Kirit suke ajiye faɗansu su haɗa kai idan maƙiyi ya taso daga waje. Yabo ce a farkonta. Daga baya malaman coci a Turai suka mayar da ita zargi ga mai haɗa aƙidu, sannan masu nazarin al'adu suka riƙa liƙa ta ga bori, da laya, da duk wani abin da suka ga yana da ƙafa ɗaya a addini ɗaya a gargajiya.

Ta uku a Samaru aka ɗaga ta. A 1958 wasu ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda a koya musu zanen Ingila tsurarsa, ba su kuma nemi komawa ga na kakanni tsurarsa ba. Okeke ya kira tafarkinsu da kalmar Ingilishi sintesis, ya ce haɗin ya kasance na ɗabi'a, shi da kansa kuma ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya shigar da shi aikinsa. Abin lura shi ne ita ma asalinta na Girka ne, kuma a wurin masanin falsafa Aristotil wannan kalma jerawa kawai take nufi, kamar ƙwayar alkama kusa da ta sha'ir. Haɗuwar da ke haifar da sabon abu wata kalmar ya ba ta. Zamani ne ya ɗaga darajarta.

Matsalar da waɗannan kalmomi uku suka yi tarayya a cikinta ita ce kowace tana shigowa da hukunci a aljihunta. Wanda ya ce takhliɗ ya riga ya kayar, wanda ya ce sintesis ya riga ya yaba, alhali ba a tsaya an duba abin da ke cikin ƙwaryar ba. Nauyin kalma da baƙuncinta sukan sa mai sauraro ya ɗauka an gama bincike.

Sabon Gari ya isa misali. An yanka shi ne a wajen 1911, da zuwan layin dogo, a bayan ganuwa, domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. Manufar Turawan mulki ita ce rabawa, amma kasuwa da gidan haya suka haɗa Bayarabe da Ibo da Banufe da Bahaushe. Samaru ta taso a gefen gonar gwaji ta aikin noma tun shekarun 1920, jami'a kuma ta kawo mata mutane daga kowace kusurwa. Wani zai kalli wannan zama ya ce bariki ce, tarbiyya ta cakuɗe. Wani ya ce ƙaramar Nijeriya ce. Dukansu sun yi gaggawa, domin ba abu ɗaya ne yake haɗuwa a can ba. Harshe ya damu sosai, har ɗalibi yakan fara jimla da Hausa ya ƙare da Ingilishi bai lura ba. Abinci da sutura sun gauraya, kowane ana gane shi. Ibada kuwa cuɗanya kawai ta yi: masallaci da coci suna titi ɗaya, kowa da alƙiblarsa.

Fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zariya yana da ma'auni mafi kyau daga waɗannan manyan kalmomi, kuma tun a Ahalari da Ishmawi yaro yake haɗuwa da shi, a babin ruwa. Malami ba ya tsayawa a kan cewa wani abu ya shiga ruwa. Yana tambaya ko launi, ko ɗanɗano, ko ƙamshi ya sauya. Idan ya sauya, da me? Idan najasa ce, ruwan bai dace da ibada ba, bai dace da girki ba. Idan abu ne mai tsarki kamar nono ko mai, ana sha ana girki, sai dai ba a alwala da shi. Idan kuwa mazauninsa ne ya sauya shi, kamar ƙasar rafi ko gansakuka ko daɗewa a wuri ɗaya, yana nan da tsarkinsa yana kuma tsarkakewa. Gauraye guda, hukunci uku.

Kashi na ukun ya fi saura amfani ga batun haɗuwar addini da al'ada, domin ya yarda cewa ruwa yana ɗaukar launin ƙasar da ya kwanta a kai ba tare da ya daina zama ruwa ba. Wa'azi da Hausa, da rubutun ajami, da masallacin Juma'a na birnin Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a ƙarni na 19, duk launin mazauni ne. Haka cocin Wusasa da aka gina a 1929 da tubali da salon ginin Hausa yake a wurin mabiyansa. Yanka ga dutse da sunan neman biyan buƙata yana wani babi dabam, domin can abin da ake bauta wa ne ya sauya. Tsakanin waɗannan biyu akwai al'adun aure da suna da magani waɗanda malaman Zariya suke saɓani a kansu har yau, kuma saɓanin nasu a kan tambayar farko yake: shin abin da ya shiga ya taɓa aƙida, ko a al'ada ya tsaya.