Wahalar Da Mutum Ya Zaɓa Wa Kansa

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada wadda in aka ba mutumin ƙasarmu labarinta sai ya riƙe baki. Mutum ne zai shekara yana aiki, in aka ba shi hutu, maimakon ya miƙe ƙafa a gida, sai ya goya jaka, ya bar motarsa a ƙofar gida, ya kama tafiyar ƙasa kwana da kwanaki bisa tuddai da bakin teku. Ba fatauci ya fita ba, ba ziyarar dangi ba, ba kuwa wani ya kore shi. Har kuɗinsa yake kashewa wajen masauki da abinci. To, abin tambaya a nan shi ne, wanda ya sayi gajiya da kuɗinsa, hankali gare shi ko wauta?

Kafin mu yanke hukunci, bari mu dubi hanya guda daga cikin hanyoyin da suke bi. Sunanta Hanyar Cleveland, tana cikin lardin Yorkshire, arewacin Ingila. An buɗe ta a 1969. Tsawonta mil 109 ne, watau ta ɗan fi nisan Kano zuwa Zariya, galibi kuwa akan yi kamar kwana 9 ana binta. Ta tashi daga garin Helmsley, ta hau wani tudu mai faɗi, inda ba gidaje, ba inuwar kirki, sai tumaki da wata gajeriyar ciyawa mai kaushi wadda kan yi fure shunayya cikin watan Agusta. Can iska ba ta da shamaki, hazo kuma kan sauko ba sallama, har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa. Daga nan hanyar ta gangara zuwa teku a garin Saltburn, ta juya kudu ta bi ta kan gaɓa, ta ratsa Whitby da Scarborough, ta ƙare a Filey. Gaɓar nan ba irin ta kogi ba ce. Dutse ne a tsaye kamar garu, a wani wuri da ake kira Boulby tsayinsa ya kai mita 203, teku na dukansa daga ƙasa dare da rana.

Mai karatu zai ce, “Ai mu ma mun san tafiyar ƙasa. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja neman goro, alhazan dā sun ratsa Sudan a ƙasa, waɗansu sai sun yi shekaru kafin su ga Makka. Amma kowannensu da abin da ya fitar da shi. Wannan kuwa ƙoshi ne kawai, wanda ya rasa wahala shi ke fita nemanta.” Maganar nan tana da ƙarfi, ba a ture ta da hannu ɗaya ba. Sai dai tarihi bai goyi bayanta duka ba.

Waɗanda suka yi faɗi-tashi don a buɗe irin waɗannan hanyoyi, da yawansu ba attajirai ba ne. Ma'aikatan masana'antu ne na manyan birane irin su Manchesta, masu yini cikin hayaƙi da ƙarar inji. A zamanin nan yawancin tuddan suna hannun masu dukiya, sun sa 'yan gadi, sun keɓe su don harbin wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa. Ran 24 ga Afrilu 1932 sai ɗaruruwan mutane suka taru suka hau wani tudu da ake kira Kinder Scout, kusa da Manchesta, ba da izinin mai shi ba. Aka yi 'yar hatsaniya da 'yan gadi, aka ɗaure mutum 5, har da shugabansu Benny Rothman. Ɗaurin nan bai kashe maganar ba, sai ma ya daɗa hura ta. A 1949 majalisa ta yi dokar da ta ba da damar keɓe manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa da shata dogayen hanyoyin ƙafa. Hanyar Pennine ce ta fara buɗewa a 1965, ta Cleveland ta biyo ta. A shekara ta 2000 kuma aka ƙara wata doka wadda ta ba jama'a ikon yawo a ƙafa bisa tuddai da yawa, ko da kuwa suna da masu su. To, talaka ba ya yarda ya shiga kurkuku saboda abin da ba shi da daraja a wurinsa.

Mene ne darajar? Sai mun gane ma'anar hutu tukuna. Mutane da yawa sun ɗauka hutu shi ne zama. Ba haka ba ne. Hutu shi ne mutum ya maido wa kansa abin da aikinsa ya ƙwace masa. Manomin da ya yini a duƙe, hutunsa ya kishingiɗa a inuwa. Amma akawun da ya yi wata goma sha ɗaya kan kujera, agogo na korarsa, waya na kiransa, zama ba zai hutar da shi ba, don zaman ne ciwonsa. Abin da ya rasa shi ne sarari, da shiru, da gajiyar jiki mai kawo barci mai daɗi. Abincin wani, gubar wani.

Ban da wannan, tafiyar tana koyar da abin da ba a koyo a zaune. Na farko, tana nuna wa mutum bambancin bukata da kwaɗayi. Wanda ya cika jakarsa da tarkace ran tashi, kafin kwana biyu kafaɗarsa za ta gaya masa abin da ya kamata ya bari a gida, gama jiki magayi ne. Na biyu, tana koyar da haƙuri. Mil 109 ba ya san sarki, ba ya san bara, kowa sai ya taka shi taki ɗaya bayan ɗaya, mai gaggawa kuwa shi ke fara ɗingishi. Na uku, tana rage girman kai. Mutum ko yana da ma'aikata dubu a ƙarƙashinsa, in hazo ya rufe shi a kan tudu, ko iska ta taso yana bakin gaɓa, tilas ya san iyakarsa, ya bi hanya, ya ja da baya daga baki.

Amma fa akwai sharaɗi, kada mu manta da shi. Mai tafiyar hutu yana da abin da mai tafiyar dole ba shi da shi, watau ikon dainawa. Ran da ya gaji sai ya shiga mota ya koma gida. Macen da ke cin mil da yawa kullum don ɗebo ruwa, da wanda yaƙi ya raba da garinsu, ba su da wannan zaɓi. Saboda haka bai kamata wanda ya ɗanɗani wahala don sha'awa ya dawo yana alfahari, yana cewa ya san wahala ba. Bakin kogin kaɗai ya taɓa.

Ga ma'auni, ashe. In mutum ya dawo daga tafiyarsa ba abin da ya ƙaru da shi sai hotuna da cika baki, to, mai cewa wauta ce ya yi gaskiya. In kuwa ya dawo da sauƙin kai, ya rage kwaɗayi, ya shiga duban mai tafiyar dole da idon tausayi, har ya tsaya ya rage masa hanya, to, kuɗinsa da gajiyarsa ba su tafi a banza ba. Ba a auna tafiya da yawan mil ɗin da aka ci, sai da halin da aka komo da shi gida.