Keken Baffa da Kazar da Aka Yanka Mana

A soron gidan Baffa a Beli muka tarar da shi, jingine da bango, kaji sun mai da kariyarsa wurin kwana. Rali ne baƙi, irin mai birkin sanda da taya inci 28, wanda a da idan saurayi ya saya sai an yi mako ana zancensa a gari. Baffan ɗaya daga cikinmu ne, amma duk Baffa muke ce masa. Ya ce da kuɗin gyaɗa ya saye shi tun kafin a haifi ko ɗayanmu, kuma tun da gwiwa ta fara damunsa bai sake hawa ba. Muka roƙa, ya yi dariya, ya ce mu ɗauka in mun ga abin ɗauka.

Mu kuwa 'yan tsiraru ne da ke haɗuwa a Kano kowace Asabar bayan asuba, mu bi titin Gwarzo a kan keke kafin motoci su cika shi, mu juyo, mu zauna wajen mai koko da ƙosai ana hira. Akwai masu rubuta manhaja a cikinmu, akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin banki. Kusan kowa ya bar mota ko babur a gida. Rabinmu sun daina cin nama, wani don hawan jini, wani don tausayin dabba bayan ya ga yadda ake loda shanu a tirela, biyu kuma sun haɗa har da nono da ƙwai. A Ingila an ƙirƙiro wa masu irin wannan ra'ayi suna tun 1944. A nan sunan da abokai suka ba mu shi ne 'yan zogale, kuma mun karɓa.

Wata uku gyaran ya ɗauke mu. Mun jiƙa sarƙa a kananzir ta kwana biyu, duk da haka ta ƙi, sai da aka sayo sabuwa. Boris ɗin feda ya zama gari. Rim na baya ya karkace, wani tsohon mai gyaran keke ya zauna ya ɗaure sifok ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗa tayar yana sauraro kamar mai ɗaura ganga. Shi ne ya nuna mana tambarin da ke goshin keken, kan zalɓe da sunan Nottingham, garin da kamfanin ya samo asali, ya kuma tuna mana cewa akwai lokacin da ake haɗa Rali a nan Kano, kafin Phoenix na Sin ya cika kasuwa saboda araha. Mun kankare tsatsa, mun sake fenti, mun nemo ƙararrawa da fitila mai dinamo. Kariyar kuma muka cire. Wani mai walda ne ya ƙera ta da rodi mai kauri, faɗinta ya fi na sirdi sau uku, kuma ba da ita keken ya fito daga kamfani ba. Muka jefa ta a buhu tare da sauran tarkace.

A kan sirdi aka fara musu. Na asali fata ne, ya tsage. Masu barin nama suka ce a sa na roba, sauran suka ce Rali da sirdin roba kamar babbar riga ce da silifa. Daga nan zancen ya koma ga tambayar da Girkawa suka daɗe da yi game da jirgin ruwan Tesiyas, wanda mutanen Atina suka riƙa canza masa katako ɗaya bayan ɗaya har ba na farko ko guda: shin har yanzu shi ne? Thomas Hobbes ya ƙara mata gishiri a ƙarni na 17, ya ce to idan wani ya tattara tsoffin katakon ya sake haɗa su, wanne ne jirgin? Mun ji daɗin wannan gardama, musamman da yake buhun tarkacenmu na nan a gefe. Masu manhaja suka ce su kullum haka suke aiki, ana sauya kowane layi amma sunan bai canza ba. Ba wanda ya kawo a ransa cewa mai keken yana da rai, kuma yana da tasa amsar.

Ranar da muka mayar da shi Beli don Baffa ya gani, mun ɗora shi a bayan mota, mun nannaɗe shi da bargo kada fentin ya ƙarje. Yara suka taru. Baffa ya fito da sanda, ya zagaya shi, ya danna ƙararrawa, ya sa mana albarka. Sai ya ɗora hannu a kan madigadin baya, ya ce, "Yarana, ina kariyar?"

Muka yi masa bayanin asali da kamfani. Ya saurara har muka gama. Ya ce a kan kariyar nan ya kai Inna asibiti tana naƙuda, a kanta buhun masara ke zuwa kasuwa, taki ya dawo gona, kuma a damina idan hanyoyin ƙasar Rogo suka jiƙe, ita ke ɗauke da abin da mota ta ƙi shiga ta ɗauko. Bai ce mun ɓata ba. Ya dai tambaya ko yanzu me keken zai iya ɗauka.

Muna cikin wannan aka shigo da abinci: tuwon masara, miyar kuɓewa, da kwano guda a rufe. Inna ta sa an yanka mana kaza.

Abin da ya sa muke rubuta wannan ke nan. Duk abin da muke tinƙaho da shi a birni, mutanen gidan nan sun riga mu, kuma ba su taɓa kiransa da wani suna ba. Muna hawan keke don lafiya da tsabtar iska. Su sun koma masa tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, babura da yawa suka koma soro. Muna neman awara da kwaɗon zogale da ɗanwake muna ɗaukar hoto. Su tuwo da miyar kuka da daddawa ne abincin mako, nama sai suna ko Sallah ko baƙo. Daga nesa mu da su abu ɗaya muke yi. Amma mu duk ranar da muka gaji akwai makullin mota a aljihu, akwai mai tsire a bakin layi. Malamanmu sun sha faɗa cewa zuhudu barin abin da ke hannunka ne; wanda bai samu ba, haƙuri yake yi. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki kayan haƙurin wasu mun yi ado da su, har muna jin mun fi su sanin darajarsu.

Ba muna cewa zaɓin namu ƙarya ba ne. Wanda ya bar nama don ya ga dabba na wahala ya ga abu na gaskiya, addini ma ya yi umarni da kyautata wa abin yanka, kuma mutum na iya ƙin cin halal matuƙar bai ce haramun ba ne. Haka wanda ya ajiye mota ya hau keke ya rage hayaƙi a garin da hayaƙi ya yi wa yawa. Sai dai ra'ayi yana da wurin da aka haife shi, kuma idan ya yi tafiya ya kan iske ma'anarsa ta sauya. A Kano ƙin cin kaza magana ce tsakaninka da cikinka. A Beli kazar nan tana cikin ƙidayar dukiyar Inna, da ita za a iya sayen magani ko littafin yaro, kuma ta zaɓi ta ba da ita don a ce an karrama baƙi. Wanda ya ture kwanon bai ceci kaza ba, ta riga ta mutu. Abin da ya ture shi ne hannun da ya miƙo.

Mun rabu biyu a kan tabarma, cikin raɗa. Uku daga masu barin nama suka ci, ɗaya yana ci idonsa a ƙasa. Ɗaya ya ƙi, ya ce idan ra'ayi zai narke duk lokacin da ya ji kunya, to ado ne shi ma. Muna ganin yana da hujja, kuma ba ma raina ta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne dabarar da wani ya kawo, wai a ce likita ne ya hana. Da a yi wa tsohuwa ƙarya gara a faɗa mata gaskiya ta yi mamaki. Haka kuwa aka yi. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni, na daɗe da barin nama, amma tuwon nan sai na ƙara." Ta dube shi ta ce, "Ikon Allah. Ga shi ka samu kuma ka bari?" Ta ɗauki rabonsa ta miƙa wa jikokinta, ta ƙaro masa miya. Ko ta ji zafi ba ta nuna ba, wannan kuma ya fi damunmu.

Laifin farko dai namu ne, da mun aika tun kafin mu taso. Amma ko wannan bai warware komai ba, domin a ce wa mai gida kada ya yanka wa baƙonsa komai, wata hanya ce ta gaya masa cewa an san ba shi da hali.

Da la'asar wani jikan Baffa, wanda ke tafiya makarantar sakandare a ƙafa, ya nemi izini ya ɗan zaga. Ya hau ya yi wajen gonaki, ya dawo taya duk jar ƙasa, fentin madigadi ya ƙarje a wuri biyu. Ɗayanmu ya ɗan runtse ido. Baffa ya gani, bai ce komai ba.

Mun bar keken a soro muka dawo Kano da bargo a ninke. Buhun tarkacen yana nan a garejin da muka yi aikin. Asabar ɗin da ta biyo baya, bayan koko, muka zazzage shi muka ciro kariyar. Ƙafarta ɗaya ta tsage a wajen ƙusa. Mai waldan ya juya ta a hannu, ya tambaya ko a yi mata fenti ta dace da keken. Muka ce ya dai ƙara mata rodi, akwai mai zuwa Beli ranar Juma'a.