Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Wannan karin magana tana ɗauke da ƙurar zamanin yaƙi. A lokacin da kowane babban gari ke kewaye da ganuwa, ana rufe ƙofofinsa da dare, runduna takan yi kwana da kwanaki a waje ba ta samu shiga ba, sai fa in an samu na ciki wanda ya san inda ganuwa ta zaizaye, ko ƙofar da tsaronta ya yi rauni. Zariya ma ta ga irin wannan. A 1902 Turawa ba su fasa ganuwar Zazzau da igwa ba. Sarki Kwasau ne ya nemi agajinsu don hare-haren Nagwamatse na Kwantagora sun addabi ƙasarsa, suka zo, suka zauna, kafin a je ko'ina suka tuɓe shi, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Daga Zariyar kuma suka ɗaura ɗamarar tafiya Kano.

Yau babu mai tunkarar Zariya da mashi. Mu mutanen Likoro da Hunkuyi da Kudan, da 'yan'uwanmu na Makarfi da Ikara, abin da ke kai mu shi ne katin asibiti, ko takardun makaranta, ko sayen taki da kayan aure. Cin gari a wurinmu shi ne ka shiga, ka biya buƙatarka, ka fito ba a cuce ka ba, kuma ka dawo da sanin da ba ka tafi da shi ba. Wannan na ƙarshen ne muka fi yin sakaci da shi. Akwai wanda tun yana yaro yake zuwa Zariya, amma in ka bincika, iyakarsa tasha da kasuwar Sabon Gari da asibitin Shika. Ya je ya fi a ƙirga, bai san garin ba.

Dalili kuwa, Zariya ba gari ɗaya ba ce. Wanda ya shigo daga wajenmu Sabon Gari yake fara riska, unguwar da ta taso bayan layin dogo ya iso a 1911, inda ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga Kudu suka zauna, har yau kuma za ka ji Yarabanci da Ibo suna cuɗanya da Hausa a layi ɗaya. Ka haye gadar Kubanni ka faɗa Tudun Wada, wadda aka tanadar wa 'yan Arewan da ba 'yan birni ba. Can yamma da arewa ga Samaru, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta raya tun 1962. Sannan ga birnin kansa a cikin ganuwa, inda komai ya girmi waɗannan duka. Kowane ɗaya da irin gaisuwarsa, da lokacin da yake farkawa, da wanda ake tambaya in an ɓata.

Ɗan gari na farko da baƙo ke haɗuwa da shi kwandasta ne. Ana raina shi, alhali ba kowa ya kai shi sanin hanya ba. Ka tsaya a PZ da hantsi ka dube shi: ƙafa ɗaya a cikin bas, ɗaya a waje, kuɗi a ninke tsakanin yatsu, yana kiran Kwangila da Samaru, yana buga jikin mota da tafin hannu in ya ga fasinja. Idan ka shiga ka yi gum don kada a gane baƙo ne kai, za a wuce da kai. Idan kuwa tun kafin mota ta tashi ka ce, "Ɗan'uwa, Hanwa zan sauka, ban san wurin ba, don Allah ka tuna mini," to ka ɗora masa amana, kuma galibi yakan riƙe. Sau da yawa ma wata dattijuwa ce daga kujerar baya za ta ce, "Direba, akwai sauka, yaron nan ya zo wurinsa." Motar haya makaranta ce mai arha. A cikinta ake jin wace hanya aka rufe, nawa ake sayar da tiyar masara yau, wace unguwa ta kwana babu wuta. Wanda ya ɗauki shatar Keke Napep shi kaɗai ya isa da wuri, amma duk wannan ya wuce shi.

Sai dai mota iyakarta titi. Birnin Zazzau kuwa a lungu yake, lungu kuma sai da ƙafa. Ka sauka a Ƙofar Doka ka taka. Kafin ka kai Babban Dodo ka ga abin da ba a gani ta tagar mota: zauruka masu daɗaɗɗen zane a goshinsu, almajirai da alluna, da masu ɗinkin hannu zaune a inuwa, kowa da babbar riga shimfiɗe a cinya, allura na shiga tana fita a kan aska takwas da za ta ci makonni kafin a gama. Kusa da fada akwai Masallacin Juma'a da Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gini daga ƙasashen waje sun yi ta zuwa kallon bakan-gizonsa. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan mutanenmu da suka yi shekaru suna wucewa ta gefensa ba su taɓa shiga sun ɗaga kai sun ga aikin ba.

A cikin lungu taswirar waya ba ta da ƙarfi. Za ta nuna maka layi, ba za ta gaya maka cewa wannan hanyar a ƙofar gidan mutane ta ƙare ba, ko cewa nan makarantar zaure ce, ana rage murya. Abin da ke aiki shi ne sallama. Ka tarar da dattijo a kan dakali, ka rage tsawo.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da hutawa. Don Allah Limancin Kona nake nema."

Ba zai nuna maka nan take ba. Zai amsa, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Daga ina?" Ka ce daga Likoro. Sai ya tambaye ka labarin damina da rake, wataƙila ma ya ambaci wani malami da ya taɓa sani a wajenku. Mai gaggawa zai ga ɓata lokaci ne, amma a nan ne dattijon ke auna ko kai wane ne, domin ba a nuna wa kowa ƙofar gidan mutane. In ya gamsu sai ka ji ya ɗaga murya, "Kai, zo ka raka baƙon nan gidan malam." Yaron da zai shige gabanka ba takalmi, shi ne ɗan garin da karin maganar ke nufi.

Ba kowane ɗan gari ne na alheri ba, kuma karin maganar ba ta ɓoye haka, tunda asalinta ma na ciki ne ke buɗe wa na waje ƙofa. Akwai ɗan acaɓan da zai ji harshenka ya ninka kuɗi, ko ya zaga da kai ta nesa don tafiyar ta yi tsawo, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi. Shi ya sa ake yin ciniki kafin a hau. Shi ya sa kuma ya fi kyau ka tambayi mai zama wuri ɗaya, kamar mai shayi ko tela ko mai kanti, domin gobe ma nan za ka same shi, ya kuma san haka.

Wani abin lura shi ne babu wanda yake ɗan gari a Zariya duka. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu a Samaru, ya karɓi digiri, bai taɓa leƙa Kwarbai ko Unguwar Juma ba. Haifaffen Ƙaura kuma yana iya tsufa bai san cewa a Tudun Jukun kamfanin Gaskiya yake ba, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya yi wa edita tun fitowarta a 1939. Haka in ka nufi Wusasa, inda mishan suka koma daga cikin birni wajen 1929, suka gina coci da ƙasa irin ginin Hausa, inda kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, rakiyar yaron Limancin Kona ta ƙare. A can sai ka sake sallama, ka nemi wani.